Shagari da Shekarar da Fam Ta Koma Naira

A Daura, da an ambaci Alhaji Shehu Shagari abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne 31 ga Disamba 1983, ranar da sojoji suka kifar da gwamnatinsa, ɗan garin nan Manjo Janar Muhammadu Buhari ya karɓi mulki. Ba kasafai ake tuna cewa nairar da ake ciniki da ita a kasuwar Daura da ta Mai'aduwa a hannun Shagari ta fara fitowa ba.

Malamin makaranta ne tun asali. An haife shi a garin Shagari a 1925, ya koyar a Midil ta Sakkwato da kuma Argungu, aka zaɓe shi ɗan majalisar wakilai a 1954, ya riƙe ma'aikatu da dama a gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1971, da Obafemi Awolowo ya ajiye muƙamin kwamishinan kuɗi na tarayya, Janar Yakubu Gowon ya damƙa wa Shagari, ya riƙe har 1975.

Wanda bai yi zamanin fam ba ba zai gane wahalar lissafinta ba. Kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam, ga sisi ga taro a tsakani. Mai sayen gyaɗa da ɗan makaranta duk sai sun haddace wannan kafin su iya haɗa kuɗi. Sabon tsarin ya mai da komai goma-goma: kwabo 100 naira ɗaya, sule 10 naira ɗaya, fam ɗaya naira biyu. Ranar 1 ga Janairu 1973 aka fitar da takardun kwabo 50, naira 1, naira 5 da naira 10, lokacin Clement Isong ne gwamnan Babban Banki.

Gaskiya ba Shagari ne ya ƙirƙiro dabarar ba. Tun 1962 aka kafa kwamitin da ya duba batun, kuma a ƙarshen Maris 1971 Gowon ya sanar da ranar canjin. Aikin da ya faɗo kansa shi ne aiwatarwa, a ƙasar da ba ta daɗe da fitowa daga yaƙin basasa ba, wadda yawancin mutanenta ba su taɓa taka banki ba. A ganina nan ne abin yabon yake: an ba talaka wata 21 ya ji labari, ya tambaya, ya saba da lissafin kafin sabon kuɗi ya shigo hannunsa. Ga shi ƙimar a fili take, mai sule ɗaya ya san kwabo 10 gare shi, babu mai cutarsa da sunan canji.

Mutanen iyaka sun fi kowa sanin bambancin wannan da canjin gaggawa. A Afrilu 1984 gwamnatin Buhari ta sauya launin takardun naira don karya masu ɓoyon kuɗi da 'yan fasa-ƙwauri, ta rufe iyakoki, ta ba da wa'adin da bai kai mako biyu ba. Niyyar ba ta da laifi, amma makiyayi da ke daji da fatake masu hulɗa da Damagaram su suka fi ɗanɗanawa. Shekarar ta zo da fari, har a Nijar ake kiran yunwar lokacin El-Buhari.

Kada a ɗauka Shagari bai da nasa tabon. Yana kujerar kuɗi aka yi ƙarin albashin ma'aikata na Udoji, kaya suka yi tashin gwauron zabi. Da ya zama shugaban ƙasa a 1979 kuwa, farashin man fetur ya faɗi, shigo da shinkafa ya zama hanyar wawaso ga wasu na kusa da gwamnati, dokar tsuke bakin aljihu ta 1982 ba ta tsayar da ɓarnar ba. Shi kansa bayan juyin mulkin an tsare shi har 1986, ba a same shi da laifin cin dukiyar jama'a ba. Ya rasu a Abuja ranar 28 ga Disamba 2018.

Bayan rasuwarsa da shekara huɗu aka sake canjin gaggawa. A Oktoba 2022 Babban Banki ya sanar da sauya takardun naira 200, 500 da 1,000, mutane suka riƙa kwana a layin cirar kuɗi, sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin.