TOA, Ahuja Ko Yamaha: Wacce Ta Fi Fitar Da Murya A Zafin Sabha?

Duk sanda za a saya wa makaranta ko masallacin unguwa kayan sauti a nan Sabha, tambayar da jama'armu ke fara yi ita ce: wat nawa ne? A ganina, a matsayin malamin da kullum ke riƙe da makirufo gaban ɗalibai, akwai tambayar da ta riga wannan: ya firi-am ɗinta yake?

Firi-am shi ne ƙofar farko da murya ke shiga. Wutar da makirufo ke fitarwa 'yar mitsitsiya ce, sai shi ya ɗaga ta, wani lokaci har ninki 1,000, kafin amfilifaya ta tura ta ga lasifika. In akwai shuuu ko gurnani a wannan ƙofa, da shi za a ninka. Shi ya sa za ka ji ƙara har bayan layi, amma yaro a sahun baya ya kasa bambance sinun da sadun.

A manyan ɗakunan naɗar sauti na duniya, Neve 1073 ake yabo, wanda aka ƙera a Ingila a 1970. Kuɗinsa ya haura dala 1,000, kuma ba don ƙurarmu aka yi shi ba. Mu abin da ke gabanmu uku ne.

Na farko Ahuja, ta Indiya, kamfanin da ya faro a 1940. Irin su SSA-250M na ɗaukar makirufo da yawa, kuma suna aiki da batir mai bolt 24, wato batirin mota biyu. A garin da ake ɗauke wuta na sa'o'i lokacin zafi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai a kunnena muryarta na da kaifi, kuma in ka murɗa ta sosai, shuuu ɗin na biyo baya.

Ta biyu TOA, ta Japan, wadda aka kafa a Kobe a 1934. A-2120 da A-2240 su ma suna karɓar batir, suna kuma da mafitar bolt 100 da ke kai sauti ga lasifikar da ke nesa ba tare da ya raunana ba. Muryarta ta fi taushi, haruffa na fita tas. Maɓallanta kaɗan ne, ko dattijo ya kunna ta ba sai an kira yaro ba. Matsalarta tsada, da kuma jabu. In farashi ya yi araha fiye da kima, a yi hattara.

Ta uku mikisar Yamaha MG10XU. Ita ba amfilifaya ba ce, gabanta ake sa ta. Tana da firi-am huɗu da kamfanin ke kira D-PRE, tana ba makirufo mai buƙatar wuta bolt 48, ana kuma haɗa ta da kwamfuta a naɗi karatu. Wajen tsabtar murya ta fi sauran biyun nesa ba kusa ba. Amma fa maɓallai birjik, ga amsa-kuwwa da matasa ke cikawa har kalma ta hau kan kalma. Ba ta karɓar batirin mota kai tsaye, sai da inbata, kuma in iskar gibli ta taso, ƙura na shiga maɓallanta su fara ƙarar-ƙarar.

To wacce za a ɗauka? Don taron safe da kiran salla, inda hannu da yawa ke taɓawa, TOA na zaɓa, in aljihu bai kai ba a ɗauki Ahuja. Don musabaƙa da naɗar darasi, a ƙara Yamaha, amma a damƙa ta ga mutum ɗaya.

Kafin ku biya, ku je shago da makirufonku. A ɗaga maɓallin makirufo, kowa ya yi shiru, ku saurari abin da ke fita. Sannan wani ya karanta layi biyu, ɗaya ya tsaya daga nesa ya maimaita abin da ya ji. Ku nemi waya mai haƙora uku, ta fi kare gurnani. Kada a kulle na'ura cikin akwati mara iska a zafin da ke wuce digiri 40. Kuɗin nan karo-karon iyaye ne, kuma yaron sahun baya ma ya biya nasa.