Ko Kun Sani?

A tsohon birnin Fas na ƙasar Maroko, duk mai son ɗaukar hoto sai ya taka da ƙafarsa, domin mota ba ta shiga. Lungunan sun kai dubbai, wasu ma da ƙyar mutum biyu ke giftawa, kuma har gobe jakuna da alfadarai ne ke dakon kaya. Shi ya sa baƙi ke neman ɗan jagora wanda ya san gari, ya san lokacin da rana ke leƙowa kowane lungu.

Inda aka fi ɗaukar hoto shi ne majemar Shuwara. Akan hau benen masu sayar da kayan fata a hango ramukan jima da na rini jere, kowanne da launinsa, ana shaƙar ganyen na'ana'a saboda wari. Daga nan sai masallacin Ƙarawiyyin da Faɗima al-Fihri ta kafa a 859, da zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a 1815, inda 'yan ɗariƙa daga ƙasar Hausa ke kai ziyara.

Jagoran kirki ba ya bari a ɗauki fuskar kowa sai an yi sallama an nemi izini. UNESCO ta sanya birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 1981.