Ƙwaron da ke saƙa koma a ƙarƙashin ruwa: yadda masana ke gane shi da sunansa

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda data ba ta bari suka saurara ba.

Yau maganar wani ƙaramin ƙwaro za mu yi, wanda idan ka gan shi a jikin fitila da daddare a garin da ke bakin kogi, za ka ɗauka ɗan malam-buɗe-littafi ne na dare. To ba shi ba ne. Turawa suna ce wa irinsa kadis, masana kuma suna kiran dangin gaba ɗaya Trichoptera, sunan da William Kirby ya raɗa a 1813 daga kalmomin Girkanci biyu, gashi da fiffike. Wato ƙwaro mai gashi a fiffike. An riga an bayyana sama da nau'i 16,000 a duniya. Mu guda ɗaya za mu ɗauka, na nan Afirka: Amphipsyche senegalensis.

Mu fara da sunan. Kalmar farko ita ce zuriya, ta biyun kuma ita ce nau'in kansa, kamar dai sunan gida da sunan yanka. Wani masani a Biyana ta ƙasar Ostiriya, Friedrich Brauer, shi ya bayyana shi a 1875, kuma ƙarshen sunan yana nuni ne da Senegal. Sai dai shi Brauer a zuriyar Phanostoma ya sa shi. Daga baya masana suka duba suka ga ai gida ɗaya suke da Amphipsyche, zuriyar da Robert McLachlan ya kafa tun 1872. A ƙa'idar raɗa wa dabbobi suna, wanda ya riga shi ake bi, sai ƙwaron ya koma can. Shi ya sa a littattafai za ku ga an rubuta Amphipsyche senegalensis (Brauer, 1875). Bakan nan ba ado ba ne, yana gaya maka cewa an canza masa gida bayan an raɗa masa suna. Kuma kada sunan ya ruɗe ku, ba a Senegal kaɗai yake ba, ana samun sa har Jinja ta Yuganda, inda kogin Nilu ke fita daga tafkin Biktoriya.

To ta yaya ake gane shi? Mataki-mataki ake bi.

Da farko a raba shi da malam-buɗe-littafi. Shi wancan idan ka taɓa fiffikensa wani gari ke maƙale maka a yatsa, kuma yana da dogon baki naɗaɗɗe na tsotson furanni. Kadis ba shi da wannan bakin, kuma idan ya sauka yana kifa fikafikansa a bayansa kamar jinkar ɗaki. Reshen da namu yake ciki, Macronematinae, an san su da eriya siririya wadda ta fi jikinsu tsawo nesa ba kusa ba.

Daga nan sai a ƙirga ƙayoyin da ke ƙafafunsa na gaba, na tsakiya da na baya, a kuma duba yadda jijiyoyin fiffike suka rarrabu. Wannan zai kai ka ga zuriya. Amma nau'in kansa, sai an duba al'aurar namiji. E, haka ne. Ana yanke ƙarshen cikinsa, a jiƙa a wani sinadari mai narkar da tsoka, a sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a kwatanta da zanen da masana suka yi. Ƙwari biyu za su iya zama kamar an tsaga kara a ido, amma nan wurin kowa da siffarsa.

Matsalar tana wajen 'ya'yan. Kadis yana yin yawancin rayuwarsa ne a matsayin tsutsa a cikin ruwa. Dangin namu, Hydropsychidae, tsutsarsu tana zama a jikin duwatsu inda ruwa ke gudu da ƙarfi, ta fitar da zare daga bakinta ta saƙa 'yar koma, ruwa ya riƙa kawo mata abinci tana tsinta. Gane danginta ba wuya: sulke uku a bayan ƙirji, da wasu tuntaye masu rassa a ƙarƙashin ciki da take numfashi da su. Amma tsutsa ba ta da fiffike, ba ta da al'aurar da za a duba. Ya za ka san 'yar wane ce?

Dabara biyu ake yi. Ta dā ita ce a nemo wadda ta rufe kanta a ɗakinta tana dab da fitowa da fiffike. A lokacin al'aurar namijin ta riga ta bayyana, ga kuma ɓawon kan tsutsar da ta tuɓe yana nan cikin ɗakin. Ka ga an haɗa ɗa da uba ke nan. Ta zamani kuma, wadda Paul Hebert na jami'ar Guelph a Kanada ya gabatar a 2003, ita ce a karanta wani guntun ƙwayar halitta mai haruffa kusan 650, a kwatanta na tsutsa da na babba.

Wani zai ce, duk wannan wahala a kan ƙwaro, me ya yi zafi? Ga amsa.

Irin duwatsun da kadis ke saƙa komarsa, nan ne tsutsar baƙin ƙudan da ke yaɗa makantar kogi take zama. A 1974 Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka ƙaddamar da shirin yaƙi da cutar a ƙasashe 7 na Afirka ta Yamma, ciki har da Nijar da Ghana, hedikwata a Wagadugu. Jirage suka riƙa zuba maganin kashe tsutsar ƙudan a koguna duk mako, kuma shirin bai rufe ba sai 2002. Tambayar da ta taso ita ce: maganin nan ƙudan kaɗai yake kashewa, ko har da sauran ƙwarin da kifi ke ci? Domin idan abincin kifi ya ƙare, masunci ne zai ji a jikinsa.

Ba za ka iya amsa wannan ba idan duk tsutsar da ka ɗebo sunanta "tsutsa". Wani nau'in yana jure magani, wani ba ya jurewa. Idan ka haɗa su a ƙirga ɗaya, mai jurewa zai cike gurbin wanda ya ɓace, lissafi ya nuna maka lafiya lau alhali an yi asara. Shi ya sa masana irin su Bernhard Statzner da François-Marie Gibon suka zauna suka rubuta jagorar tantance tsutsa da manyan wannan dangi a kogunan Kodebuwa, aka buga a 1984. Da irin wannan aiki masu sa ido suka iya bin abin da ke raguwa da abin da ke dawowa a kogi. A Janairun 2025 kuma aka tabbatar da Nijar a matsayin ƙasar farko a Afirka da ta kawar da yaɗuwar cutar.

Ɗalibanmu na fannin halittu, musamman masu neman abin da za su yi bincike a kai, ga filin aiki a buɗe. Fitila, farin ƙyalle, kwalba da sinadarin etanol, sai takardar da za ka rubuta wuri da kwanan wata da fensir ka jefa a ciki. Samfurin da ba shi da wannan takarda, komai kyansa, ba ya amfanar kowa.

A garinku akwai sunan da ake kiran wannan ƙwaro da shi? Masunta da mazauna bakin kogi, ku rubuto mana a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.