Awara Ta Zama Madadin Nama A Tukwanen Abuja

Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tsadar dakon shanu ta ɗaga farashin nama a kasuwannin Wuse da Garki, lamarin da ya sa gidaje da dama suka koma ga awara a abincin dare.

Ana markaɗa waken suya, a tace, a tafasa, a zuba ruwan tsami ta daskare, sannan a soya. Bayan an taso aiki, sai a jefa ta cikin miya, a ci da shinkafa.

Ribar masu sana'ar tana ga sayen wake da kaka daga Jihar Binuwai, kafin masu haɗa abincin kaji su tsadantar da shi.