Yadda ake haɗa waya da kwamfuta domin gano kurakuran manhaja

Manhajar da aka ƙera domin manomin shinkafa a Auyo ko mai sayar da kifi a kasuwar Haɗeja tana iya aiki lafiya lau a kwamfutar wanda ya rubuta ta, amma ta cije da zarar ta shiga ƙaramar Itel ko Tecno a fadamar da sabis ke yawan ɗaukewa. Idan kuwa ta gargaɗin ambaliya ce, a yankin da ruwa ya yi ɓarna a 2020 da 2022, jinkirin saƙo na iya janyo asarar dukiya da rayuka. Shi ya sa masu ƙera manhaja ke haɗa wayar gaske da kwamfuta su gwada.

A wayoyin Android, ƙofar wannan aiki a ɓoye take tun sigar 4.2 ta 2012. Ana shiga saitin waya, a danna "Build number" sau bakwai, sai sashen "Developer options" ya bayyana, a kunna "USB debugging". Daga nan a jona wayar da kebul mai ɗaukar bayanai, domin wasu kebul caji kawai suke yi. Wayar za ta nemi izinin mai ita kafin ta amince da kwamfutar.

Da zarar an amince, manhajar Android Studio za ta ga wayar ta hanyar ADB. Mai aikin zai iya tura manhajarsa, ya tsayar da ita a layin da yake zargi, ya kuma karanta a Logcat abin da ya faru kafin ta tsaya. Tun daga Android 11 ta 2020, ana iya haɗawa ba tare da kebul ba, da lambobi shida, muddin na'urorin biyu suna kan Wi-Fi ɗaya.

Sai dai kwamfutar da aka bai wa izini tana iya sanya manhaja, ɗaukar hoton allo da kwafar fayiloli. Saboda haka wasu manhajojin banki ke ƙin buɗewa idan sashen a kunne yake. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke barin wayarsa a shagon caji ko wurin mai gyara ya kamata ya duba sashen bayan ya karɓe ta, ya soke izinin da aka bayar, sannan ya kashe shi.