Dolfin mai ɗigo-ɗigo: dabbar tekun da ake saurara da wayar Pixel

A ranar 14 ga Afrilu, 2025, kamfanin Google ya sanar da wata manhajar ƙirƙirarriyar basira mai suna DolphinGemma, wadda aka horar da ita da sautukan dolfin. Nan da nan labari ya bazu a soshiyal midiya cewa an kusa fara hira da dabbobi. Dabbar da aka naɗi muryarta ita ce dolfin mai ɗigo-ɗigo na tekun Atlantika, wanda masana ke kira Stenella frontalis.

Duk da cewa mutane kan ce “kifin dolfin”, ba kifi ba ne. Dabba ce mai shayarwa, tana numfashi ta wata kafa da ke saman kai, kuma dole ta riƙa leƙowa saman ruwa ta shaƙi iska. Tana rayuwa a ruwa mai ɗumi, daga tsibiran Bahamas da Barazil har zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Babba yakan kai tsawon mita biyu da ɗoriya.

Abin mamaki, ba a haifarsa da ɗigo ko ɗaya. Jariri ruwan toka ne a baya, fari-fari a ciki. Sai ya kai wajen shekara huɗu baƙaƙen ɗigo suke fara fitowa a cikinsa, daga baya fararen ɗigo su bazu a gadon baya, idan ya manyanta kuma su haɗe su zama faci-faci. Wato fatarsa kaɗai ta isa a ƙiyasta shekarunsa. Kuma da yake kowane dolfin da irin zanensa, masu bincike suna gane su ɗaya bayan ɗaya ta hoto. Da haka ƙungiyar Wild Dolphin Project, wadda Dakta Denise Herzing ta kafa, take bin diddigin garke guda a Bahamas tun 1985: sun san uwa, sun san ɗa, sun san jika.

Ɓangaren da zai fi burge mai sha'awar na'ura shi ne yadda yake “gani” da sauti. Yana fitar da ƙara ƙas-ƙas-ƙas daga cikin hancinsa, wani curin kitse da ke goshinsa ya tattara ta ya harba gaba. Idan ta bugi kifi ta dawo, kitsen da ke cikin muƙamuƙinsa na ƙasa ne ke kai ta kunne. Sauti yana tafiyar kimanin mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, fiye da ninki huɗu na saurinsa a iska. Ƙarar tana iya wuce kilohaz 100, alhali kunnen mutum a 20 yake tsayawa. Ban da wannan, kowane dolfin yana da fito nasa na kansa mai aiki kamar suna, da shi uwa da ɗa ke neman juna idan sun rabu.

Waɗannan sautuka na shekaru da dama aka ɗora wa DolphinGemma. Aikinta ya yi kama da na kibod ɗin waya mai hasashen kalmar da za a rubuta: ta saurari jerin sauti, ta yi hasashen wanda zai biyo baya. Ƙarama ce, faramita wajen miliyan 400, shi ya sa take iya aiki a kan wayar Pixel ba tare da intanet ba, abin da ake buƙata a tsakiyar teku.

Akwai kuma na'urar CHAT da aka haɗa tare da jami'ar Georgia Tech, wadda mai nutso ke ɗaurawa a jiki. Tana fitar da fito na ƙirƙira, kowanne an danganta shi da wani abin wasa da dolfin ke so, kamar ciyawar teku ko gyale. Fatan shi ne dolfin ya kwaikwayi fiton don ya nemi abin, wayar ta gane, ta sanar da mai nutso.

A nan ne masu yaɗa labarin suka yi zuzutawa. Hasashen sautin da zai biyo baya daban, sanin ma'anarsa daban. Manhajar ba ta fassara komai, tana dai taimaka wa masu bincike gano tsarin da ke maimaituwa, aikin da a da yake cinye musu shekaru. Kuma daga garke ɗaya aka tattaro bayanan.

Wannan dolfin yana da ɗan'uwa mai kama da shi, Stenella attenuata, wanda ke yawo a tekuna masu ɗumi na duniya. A gabashin tekun Fasifik yana tafiya tare da kifin tuna, don haka masunta suka riƙa zagaye garkensa da raga, miliyoyin dolfin suka mutu tun daga ƙarshen shekarun 1950. Bidiyon da Sam LaBudde ya ɗauka a ɓoye cikin jirgin kamun tuna, wanda aka nuna a 1988, ya tayar da hankalin jama'a, kuma a 1990 manyan kamfanonin tuna na gwangwani a Amurka suka daina sayen kifin da aka kama ta wannan hanya. Kisan ya ragu sosai, amma har yanzu yawansu bai koma yadda yake a da ba.