Birnin Adar: ƙauyen da ya taɓa riƙe sarauta

A gabas da Tawa, cikin duwatsun Garhanga na gundumar Keita, akwai ƙauye mai suna Birnin Adar. Sunan ya fi garin girma, kuma da dalili. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ƙwace ƙasar Adar daga hannun Kabi. Daga baya ya hau gadon Agadas, da aka tuɓe shi a 1721 sai ya dawo nan ya kafa fadarsa. Jikokinsa ba su dawwama a nan ba, sarautar ta koma Illela. Bayan haka ƙasar ba ta huta ba. Buzayen Kel Geres suka kutso, jihadin Jelani ya girgiza ta a farkon ƙarni na 19, Sakkwato ta sa ido daga kudu, Buzayen Kel Dinnik suka mamaye arewa. Har Turawa sai da suka yi ja-in-ja a kanta. Yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato wadda ta ratsa Adar, aka sake gyara iyakar a 1904 da 1906.

Duk da haka, wanda ya taƙaita tarihin irin wannan ƙauye ga jerin masu mulki ya bar jaki yana dukan taiki. Agabba ya tarar da Azna 'yan ƙasa, manoma da maharba, waɗanda suka san inda ruwa ke kwanciya a kwari bayan damina, da gangaren da doki ba ya iya hawa. Idan mahara suka taso, a haye dutse da gero da awaki. Idan ƙura ta lafa, a sauko gona. Mai mulki yana karɓar haraji, amma tsafin ƙasa da rabon gona suna hannun waɗanda ya tarar.

Wani zai ce ai wannan raina ƙarfin sarauta ne. Ba haka ba ne, domin hari ya ci rumbuna da rayuka, kuma Lisawan da suka zo tare da Agabba su ne zuriyarsu ke sarautar Keita. Sai dai ka dubi abin da ya faru bayan farin 1984, lokacin da aikin Keita na Italiya da FAO ya fara farfaɗo da fakon da ya mutu. Kuɗi da injuna daga waje suka zo, amma mutanen ƙauyukan nan, akasarinsu mata domin maza sun tafi cin rani, su suka ɗauki dutse a ka, suka jera shi layi-layi don tare ruwa.